Ɗantani Ya Yi Kiwon Ɓera

A shekarun da kumandan, nasara mai mulkin ƙasar, ke zaune bariki a Dogon Dutsi, ana bin ƙauyuka ana ɗibar maza zuwa aikin tilas, rabo ya faɗa kan Ɗantani, mutumin wani ƙauye da ke yamma da Kore Mairuwa. Sauran mazan fasa dutsen hanyar mota aka kai su. Shi kuwa da aka dubi ƙafafunsa kamar sillen kara, sai aka ɗora masa buhun tarkuna, aka ce ya bi wani nasara likita da ke yawon ƙidayar ɓeraye gida gida, wai don tsoron annoba. Kwana arba'in yana ɗana tarko da la'asar, da safe ya kwashe gawarwaki ya jera su, nasara ya ƙirga ya rubuta. Ko sau ɗaya Ɗantani bai taɓa alƙalamin nan ba. Amma in ka ji shi yana ba da labari, sai ka rantse nasaran ne ke ɗaukar masa buhu.

Ranar da ya dawo, ko ruwan da matarsa Hure ta miƙo bai shanye ba ya nufi gindin gawo inda maza ke hutawa. Ya gyara murya, ya ce, "Ni da likita mun gano abin da ke kawo hatsi."

Gado taubashinsa, wanda gidansa ke jingine da nasa, yana tufkar igiya, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Mu dai ruwa da taki da gumi munka sani. An samo na huɗu?"

"Kusu," in ji Ɗantani, don haka suke kiran ɓera a can.

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ja layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, yadda ya ga nasara na yi a takarda. Kowane gida ɗigo guda. In rumbunanka na da yawa ɗigonka ya matsa gaba, in ɓerayenka na da yawa ya hau sama. Ya fara da gidajen ƙauyensu, tunda nan ma sun biyo. Gidan Sarkin noma rumbu shida, ɓera arba'in da ɗaya. Gidan Gado rumbu biyu, ɓera sha uku. Gidan tsohuwa Lantana babu rumbu, ɓera ɗaya tal, shi ma da ganin haƙarƙarinsa ka san baƙo ne ya ɓata hanya. Ɗigogin suka jeru suka yi sama kamar layin tururuwa.

"Gari goma sha bakwai munka taka," in ji shi. "Ko'ina haka na. Inda kusu ya yi yawa, hatsi ya yi yawa. Inda babu kusu, yunwa. Sai makaho ba ya ganin wanga."

Gado ya ajiye igiyar. "Ƙidayarka daidai, kanka ne a juye. Kusu ke bin hatsi. Runfar mahauci a kasuwar Tibiri ta hi kowace runfa ƙuda. Tahi ka tara ƙuda cikin ɗakinka, mu zo mu ga ko sa zai hito."

"Wa ya ƙirga ƙudan? Kai? An sa su a takarda?"

"Ba a sa ba."

"To zancen baka na."

"Shi nasaran da bakinshi ya ce maka kusu ke kawo hatsi?"

"Nasara ba shi gaya ma baƙin mutum sirri," in ji Ɗantani. "Amma na ga idonshi."

Maza suka yi dariya suka watse. Wautar Ɗantani irin mai wuyar magani ce, domin lambobinsa duk gaskiya ne, ba wanda zai ce ya ƙara ko ya rage. Abin da takardar ba ta faɗa ba kawai shi ne wa ya riga wani shiga rumbu, shi kuwa ya cike gurbin da kansa.

Gidansa rumbun laka ɗaya ne, ɓera huɗu aka kama a ciki, kuma wannan huɗun ta fi komai ci masa rai. A cikin rumbun akwai dami ashirin da biyu na ci. Can gefe kuma akwai dami uku ɗaure da jar igiya, waɗanda ba na ci ba ne. Iri ne, geron mahaifin Hure daga wajen Gecheme, mai zangarniya tsawon hannun babban mutum. Tsohon ya shekara talatin yana zaɓen kawuna da hannunsa har ya tsayar da shi. Ya rasu, 'yan'uwanta maza suka cinye nasu a shekarar fara, ya zama a duk duniya dami ukun nan ne suka rage. Hure tana son su fiye da yadda take son mijinta, kuma ba ta ɓoye ba.

Ɗantani ya fitar da dami takwas ya jibge a ɗaki, ya ce su za a ci har ruwa ya sauka. Sauran za a rufe su da ɓeraye su hayayyafa.

"Maigida," in ji Hure, "hatsinka naka na, ka ba kura ma in ka so. Hiddo mini irin babana."

"In na hidda shi, ƙaƙa za shi ƙaru? Uku za ki ba ni, tara za ki amsa."

"Ukun nika so."

"Ke ba ki je Dogon Dutsi ba."

A ƙasar nan mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ko da gidan na ci da wuta. Wadda ta leƙa, har jikokinta za a yi wa gori. Hure ta tsaya tana kallon bakin rumbun can sama da kanta, hannunta na ƙaiƙayi, al'ada ta riƙe mata ƙafa.

Washegari Ɗantani ya rataya ƙatuwar gora ya shiga gari neman ɓera. Ba a taɓa yin baƙon da aka tarba da fara'a irin tasa ba. Mata suka bar daka suka shiga ɗaga tukwane. Sarkin noma, dattijo mai son nishaɗi, ya buɗe masa gida ya ce, "Ɗiba ɗana, har na bayan randa. In ka gama akwai gara a zaure, ko ita ba ta cikin takarda?" Ɗantani ya ce gara ba a yi bincikenta ba tukuna. Tsohuwa Lantana ma ta taho da nata guda ɗaya cikin ƙoƙo, tana ɗingishi, ya duba shi ya mayar mata. Ya ce, "Inna, wanga kusun talaka na, ba shi da albarka. Shi za shi koya ma sauran zaman banza."

Cikin kwana tara ya tara sittin, ya wuce Sarkin noma da sha tara. Ya hau tsani ya juye su ciki, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin rumbu, ya ɗora jinka. Sannan ya sauko ya kakkaɓe hannu, ya fara auna filin tsakar gida da ƙafa, yana neman inda zai gina rumbu na biyu da na uku.

Waɗanda suka fara gaskata shirin su ne kyanwoyi. Kafin mako ya zagayo, duk wata mussa ta ƙauyen ta tare a gindin rumbun Ɗantani, sun zauna da'ira suna kallon sama kamar masu jiran huɗuba. Ya kore su da sanda, suka koma kan danga. Ya kewaye rumbun da ƙaya, ƙayar ta yaga masa riga ta bar kyanwoyi lafiya. Ya kama ta Hure, wata baƙa mai guntun kunne, ya sa a buhu ya yi tafiyar rabin yini ya zubar da ita a dajin hanyar Tibiri. Da ya dawo da magariba, ƙafa duk ƙaya, ya tarar da ita kwance kan tabarmarsa tana lasar hannu.

"Ta riga ka da daɗewa," in ji Hure. "Ta sha hura ma."

Bayan kyanwoyi sai ga maciji, wani gamsheƙa da ya ga unguwa ta yi albarka ya tare ƙarƙashin duwatsun rumbu. Ranar da Ɗantani ya durƙusa zai leƙa, suka yi ido huɗu. Tsallen da ya yi ya tsallake dangar Gado ba tare da ya taɓa ta ba, ya dira cikin turken jakai. Gado ya dube shi daga kan tabarma ya ce, "Sannu da zuwa. Macijin ma a sa shi a takarda, gidan da ya hi kusu shi ya hi maciji. Ko macijin ke kawo kusu?"

"Ana bincike," in ji Ɗantani, yana cire kashin jaki daga gwiwa.

Wata biyu da rufewa, ƙaiƙayi ya soma zubowa ta wasu ƙananan ramuka a gindin rumbun. Hure ta ɗebo a tafin hannu ta kai masa har gindin gawo, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Maigida, dubi. Suna ci. Don girman Allah ka buɗe ka hiddo mini dami ukun nan."

Ɗantani ya karɓa ya shinshina, fuskarsa ta washe. Ya ɗaga hannu kowa ya gani. "Ya cika har yana tumbatsa. Tukunya in ta cika ba kumfa take zubarwa ba?" Daga ranar ya riƙa auna ƙaiƙayin da ƙoƙo kowace safiya, yana ɗiga gawayi a jikin rumbu. Ɗigogin nan ma suka yi ta hawa sama, shi kuma yana kai baƙi su gani. Hure ta daina yi masa magana sai abin da ya zama dole. Tuwo take ajiye masa ta juya, in ya yi santi ta ce da kyanwa ta ji.

Ana cikin haka zafin bazara ya shigo, ƙarar da ake ji cikin rumbun ta fara raguwa. A daidai lokacin gidan Gado ya rikice. Ɓera cikin rumbu, ɓera cikin randa, ɓera ya cinye masa igiyar guga da rabin wandon sallah. Kowa ya san daga inda suka fito da abin da ya sa suka yi ƙaura. Gado ya shirya zai kai ƙara wurin Sarkin noma, ya isa ya tarar Ɗantani ya riga shi, yana durƙushe yana huci.

"Ranka shi daɗe," in ji Ɗantani, "wanga mutum ya sace mini kusu."

Gado ya dafa ƙirji. "Ni? Na sace?"

"Da baki yana zagin bincike, ta bayan danga yana jan dukiyata. Sha uku gare shi, likita ya rubuta. A tahi a ƙirga yanzu. Duk abin da ya haura sha uku nawa na."

Sarkin noma ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na motsi. Da ya samu numfashi ya ce, "Gado, ka ji ƙara. Mi ka ce?"

"Na amsa laihi, baba. Shi zo shi kwashe abinshi. Har sha ukun na bar mishi, ladan wahala."

"Ba ni son sadaka," in ji Ɗantani. "Haƙƙina nika so."

Dattijon ya yanke hukunci, Ɗantani ya kwashe nasa, kuma ranar da ruwan shuka ya sauka a buɗe rumbu gaban jama'a, kowa ya ga wa ke da kai. Ya ƙara da cewa, "Amma ɗana, ka saurara. Ni na yi rumbu shida kahin in yi kusu arba'in. Ina nan sadda abin ya faru."

"Haka ka gani, ranka shi daɗe," in ji Ɗantani cikin ladabi. "Amma ba ka rubuta ba."

Ya kwana uku yana farauta a gidan Gado, ya kama talatin da biyu, ya huda jikin rumbunsa ya mayar da su, ya liƙe. Gado ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa yi masa aikin gayya mai kyau irin wannan ba.

Ruwan ya sauka wata ranar Laraba da hantsi, mai ƙarfi, har ya cika kwari. Da ya ɗauke, ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya da rabi, gari ya ɗauki sungumi da ƙoƙon iri. Amma ba wanda ya wuce gona kai tsaye. Maza da mata duk suka biya ta gidan Ɗantani, wasu a kan danga, wasu a kan turmi. Shi kuwa ya sa rigarsa mai yagar ƙaya, ya shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakar gida inda za a jibge rarar hatsi, ya ce wa mata su ja da baya kada dami ya danne wata.

Ya hau tsani, ya ture jinka, ya fasa lakar da gatari. Wani wari ya taso, na kusa suka toshe hanci. Ya leƙa, ciki duhu.

"Ya ya?" in ji Gado daga ƙasa.

"Ya cika har ba a ganin komai," in ji Ɗantani. Ya juyo ya dubi jama'a. "Ku duba da kyau. Zan taka hatsi in tsaya, kaina da kafaɗuna suna waje."

Ya zura ƙafafu ya saki hannu. Kai da kafaɗu suka bi ƙafafu, aka ji tim daga can ƙasa, ƙura ta yi sama ta bakin rumbun. Sai ihu. Ɓerayen da suka rage, waɗanda yunwa ta fara sa su cin junansu, suka ga nama ya faɗo daga sama. Wasu suka shige wando, wasu suka bi ta wuyan riga, sauran suka taka kansa suka yi tsalle waje, suka zubo ta jikin rumbu kamar an kwance buhu. Kyanwoyin da suka yi wata huɗu suna jira suka ga ranarsu ta zo. Tsakar gida ta hautsine, mata na ɗage zane, tsohuwa Lantana ta hau turmi da ƙafar da take ɗingishi da ita, Sarkin noma ya zauna dirshan cikin taɓo yana dariya har da hawaye.

Gado ya hau tsani ya leƙa. "Taubashi, dami nawa?"

Muryar ta fito daga ƙasa, a shaƙe. "Sittin bai isa ba. Da ɗari munka sa."

Aka sake fashewa. Gado ya kwance igiyar da ke kugunsa zai zura masa, sai Hure ta matso gindin tsanin. Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba tun da aka fara. Ta ɗaga kai ta ce, "Maigida, miƙo mini irin babana."

Can sai hannu ya ɓullo, da ƙyar ya kai bakin rumbu, riƙe da guntun jar igiya da wasu dogayen tsinkuna, zangarniyar da aka gwaigwaye tas. Gado ya karɓa ya sauko da su, ya miƙa mata. Dariyar ta mutu a hankali, daga na kusa zuwa na kan danga. Hure ta riƙe tsinkunan tana dubawa. Baƙin ciki ya cika ta, irin na ranar da aka binne mahaifinta, har ma ya fi, don ran nan ta san akwai abin da ya bari.

Sarkin noma ya tashi yana goge taɓo. Ya ce, "Ɗiyata, ki aiko a ɗibar miki iri gidana. Gonarku ba ta kwana ba shuka."

"Na gode, baba," in ji ta. Ta juya ga Gado. "Kada ka zura mishi igiyar nan. Miƙa mishi tsintsiya da ƙwarya. Duk abin da ke ƙasan rumbun nan shi sharo shi, shi miƙo. Sai ya ƙare za shi hito."

Ba wanda ya ce ta yi tsauri. Jama'a suka ɗauki sungumansu suka nufi gona, ƙasa ba ta jiran kowa. Gado ya tsaya kan tsani yana karɓar ƙwarya yana miƙa mata, ita kuma ta zauna da faifai tana sheƙa. Ƙaiƙayi, kashin ɓera, gashi, ƙananan ƙasusuwa. Tun Ɗantani na magana daga ciki, yana bayanin inda lissafin ya kuskure, har ya koma tari kawai. Sai bayan azahar ƙwarya ta ƙarshe ta fito. Abin da Hure ta tsinta daga dami goma sha bakwai bai cika ludayi ba.

Gado ya jawo shi waje, fari fat da ƙura, kunne ɗaya na jini. Ya sauko yana layi, idonsa ya faɗa kan ludayin, sai ga tsohon halin ya motsa.

"Kin gani ko? Ba duka sunka ci ba. Wanga in an shuka shi..."

Hure ta kama hannunsa ta buɗe tafin, ta juye masa tsabar a ciki. Ta ce, "Na ci da na iri duk sun gauraye. Kai da ka je Dogon Dutsi, ware mini na babana."

Ɗantani ya sunkuya kan tafin hannunsa. Ya tura ƙwaya ɗaya gefe da ɗan yatsa, ya dube ta, ya dawo da ita. Ya tura wata. Duk girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Daga gonaki ana jiyo saran sungumi da muryoyin masu bin layi suna zuba iri. Gado ya naɗe igiyarsa ya fita a hankali. Hure ta zauna a kan turmi, ta harɗe hannu, tana jira.